Amsa ga Malamar da aka ba wa makullin laburare ana gab da komawa makaranta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki cewa hedimasta ya damƙa miki makullin laburaren firamarenku, ga shi sati mai zuwa za a koma, kina neman abin da za ki yi da yaran a satittikan farko da kuma yadda za a yi su so karatu. Na ga wasu sun ce ki yi wa bango kwalliya, wasu sun ce ki shirya gasar kacici-kacici, duk ba laifi, amma ni dai da na daɗe a wannan aikin ba ta nan zan ce ki fara ba.

Tun kafin yara su dawo ki je ki buɗe ɗakin nan, ki nemi maigadi ya kama miki. Kin san dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, ɗaki a kulle tun wajen ƙarshen Yuli ba iska ba rana, toh gara da ɓeraye da kyankyasai sun samu gida. Ki ɗaga kai ki duba rufi ko yana yoyo, duk katan ɗin da ke zube a ƙasa a ɗaga shi, littafin da ya sha danshi a shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba cikin tsakiyar rana ba sabida takardar lanƙwashewa take yi gam ɗin ya saki. Kanta kar ta jingina da bango, a ɗora ƙafafunta kan bulo. Kuma dan Allah kar a fesa fiya-fiya a ɗakin da yara za su zauna suna lasar yatsa suna buɗe shafi, shara da buɗe taga sun wadatar.

In kin zo ware littattafan kar gabanki ya faɗi, don za ki tarar da yawansu ba na yaranki ba ne, tsofaffin littattafan darasi ne da na Turanci masu kauri da aka kawo gudunmawa, waɗanda ko ɗan sakandare sai ya yi da gaske. Ki tura su kantar sama. Waɗanda kike nema su ne na Hausa masu manyan baƙaƙe da hoto. Ki leƙa sito da ofishin hedimasta ma, in a Bauchi ko Sakkwato kike akwai littattafan Mu Karanta da aka raba lokacin shirin USAID, in Katsina ko Zamfara ce akwai na shirin RANA da aka yi da UNICEF, na sha ganin irinsu a ɗaure da igiya a bayan kabad ba wanda ya kwance. Sai tsofaffin littattafan labarai na Hausa da ake bugawa a Zariya tun zamanin kamfanin Gaskiya, su kuma na 'yan aji 5 da 6 ne, ko ke ki riƙa karanta wa ƙananan. In kuma abin ya yi ƙaranci ki shiga shafin intanet na African Storybook ko na StoryWeaver a wayarki, akwai labaran Hausa kyauta, an kasa su mataki-mataki, kuma an yarda ki sauke ki buga. Ko guda goma kika buga aka yi fotokwafi aka ɗinke kin samu abin farawa. Sai dai ki karanta kowanne tukun, wani fassara ce kuma Hausar ba ta zauna ba, wani kuma an bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, ki sa biro ki gyara kafin ya kai hannun yaro.

Toh yanzu ga abin da ya fi damuna, shi ya sa ma na zauna rubuta miki wannan dogon bayani. Kafin ki ce za ki sa yara su so karatu sai kin fara sanin wa ya iya wa bai iya ba, kuma wallahi abin da za ki gani zai ba ki tausayi. Yaranmu Allah ya ba su kaifin kunne da hadda, malami ya karanta layi aji ya amsa gaba ɗaya, sau uku sun haddace, kina tsaye a bakin taga sai ki rantse duk sun iya. Akwai wani yaro ɗan aji 4 da na taɓa zaunar da shi kusa da ni, ya karanto min shafi guda tiryan-tiryan ba gargada, sai na ce masa yawwa, sa yatsanka ka nuna min inda aka rubuta kaza. Ya yi shiru, ya dubi rubutun ya dube ni, can sai ya ɗora yatsa kan hoton kazar. Idonsa ya ciko da ƙwalla don ya zaci duka zai sha. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne ko kaɗan, shekara huɗu yana amshi ne kawai ba wanda ya taɓa zama da shi shi kaɗai. Irinsa suna nan da yawa a kowane aji, kuma su ne in an kawo su laburare za ki ga suna ta tsokana da guje-guje, sabida ba abin da littafin yake gaya musu.

Don haka satin farko da na biyu ki yi wannan aikin. Ki samu kwali huɗu ki rubuta da maka, na farko baƙaƙe da wasula a warwatse ba a jere ba, na biyu gaɓoɓi da gajerun kalmomi irin su ba, ki, gida, rake, tulu, na uku jimla uku ko huɗu, na huɗu ɗan labari da bai taɓa ji ba. Sauran suna kan tabarma suna kallon hotuna, ke kuma kina kiransu ɗai-ɗai a hankali, minti biyu ya ishi kowane yaro, inda ya tsaya ki sa alama a rajistarki ki ce masa madalla ya koma. Kar ki kira shi jarabawa, kar ki karanta sakamako a gaban aji, kuma bulala kar ta shigo ɗakin nan ko ta malamin aji ce, ya aje ta a waje. Na san za ki ce ajinku ya haura yara 80, eh haka ne, raba su za ki yi gida biyu ko uku, ki roƙi malamin ajin ya riƙe rabi. A nan ne kuma za ki gano mai kai littafi har kan hanci, ko wadda sai kin maimaita magana sau biyu take juyowa, waɗannan ki sanar da iyayensu a duba musu ido da kunne.

In kin gama sai ki manna wa littattafan selotef mai launi a gindi, kore masu sauƙi, shuɗi na tsakiya, ja masu dogon labari, kowane yaro ki raɗa masa launin da zai fara da shi. Manyan kuma ki koya musu dabarar yatsu biyar, ya buɗe shafi ɗaya yana karantawa, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa, in hannu ya dunƙule kafin shafin ya ƙare toh ya mayar ya ɗauki wani, zai dawo masa zango na gaba.

Duk ajin da ya shigo ki fara da karanta musu da babbar murya, minti goma haka. Ki buɗe da ga ta nan ga ta nan ku, za ki ji sun amsa ta zo mu ji ta, ɗakin ya yi tsit. Ki juya littafin suna ganin hoto, yatsanki na bin rubutun, ki canza murya in Gizo ne ke magana, in an zo inda labari ya yi daɗi ki tsaya ki ce me kuke gani zai faru, wani lokacin ma ki rufe littafin a nan ki aje shi kan tebur ki ce sai jibi. Lokacin tara za ki ga 'yan aji 5 sun leƙo suna tambaya Malama ko za mu iya duba wancan littafin. In sun zo ki bar su su shiga, laburaren da ke kulle lokacin tara rabin amfaninsa ya tafi.

Wani aikin da yara ke so sosai a farkon zango shi ne su yi nasu littafin. Ki ce kowa ya je kakarsa ko gwaggonsa ta yi masa tatsuniya ko kacici-kacici, ya zo ya faɗa, waɗanda suka iya rubutu su rubuta, waɗanda ba su iya ba su zana hoto, a ninke fefa a ɗinke da zare da allura, a yi bango da kwalin sabulu, a rubuta sunansu a gaba a jera a kanta tare da sauran. Yaron da ya ga sunansa a bangon littafi sai ya jawo abokinsa ya nuna masa, kuma labarin da ya riga ya sani da ka shi ne mafi sauƙin fara karantawa da yatsa.

Sai maganar aro, wadda na san a nan za ki samu turjiya. Za a ce miki kar a bari littafi ya fita, yara za su yaga, in masu duba makarantu sun zo ƙirga za a yi. Ki zauna da hedimasta cikin ladabi, ki nemi a kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) tun farkon zango a amince a rubuce cewa za a riƙa ba da aro, kuma wasu za su lalace. Littafin yara kamar takalmin makaranta ne, dole ya ci ƙasa. Ki fara da aji 4 zuwa 6, littafi ɗaya, a karɓa Alhamis a dawo da shi Litinin, kowa da ledarsa sabida manja da ruwan sama, ki naɗa monita biyu mace da namiji su riƙe rajista. In ya ɓace kar a ci tarar da uwa ba za ta iya biya ba, ranar da aka kori yaro ɗaya gida kan kuɗin littafi daga ranar ba wanda zai ƙara ara, wanda ya ɓatar ɗin ya taya ki gyaran yagaggu da gam na sati ɗaya shikenan. 'Yan matan nan masu fita talla da yamma su suka fi buƙatar aron, don ba su da lokacin zama bayan an tashi, kuma ki ce wa kowa ya karanta wa wani a gida, ko kaka ce da ba ta yi boko ba za ta saurara, har ta gyara masa Hausar.

Ki matsa a saka laburare a cikin jadawalin darasi yanzu da ake tsara shi, kowane aji darasi ɗaya a sati, in kika bari aka manna jadawali a bango ba sunanki sai dai ki yi ta roƙon lokaci har zango ya ƙare. Ki kuma sa a ranki cewa in kaka ta kama wajen Oktoba, in makarantar karkara ce yara za su ragu sabida aikin gona, waɗanda ba su zo ba ki bar layinsu a rajista ki gwada su in sun dawo.

In kin buɗe ɗakin ki ƙirga na Hausa nawa ne na Turanci nawa, ki gaya min da yawan ajujuwanku, sai mu ga yadda za a raba ranakun. Allah ya taimaka ya sa albarka.