Tsohon Garin Edinbara: Mu Bi Ɗan Jagora Ko Mu Zaga Da Kanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a Ingila, kuma Baba zai zo bikin yaye mu a watan Yuli. Ina so in kai shi Edinbara, babban birnin Sikotland, ya ga gari. Na ga ana tallan zagayen tsohon garin a ƙafa tare da ɗan jagora. Yana da amfani, ko mu bi taswirar waya kawai? Baba ya haura shekara 60, gwiwarsa na damunsa, amma mutum ne mai son tarihi. Sannan ina za mu yi salla?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kawo su Baba lafiya. Ku ɗauki ɗan jagora. Taswira za ta kai ku daga fada zuwa fada ba tare da kun ɓata ba, domin hanyar ɗaya ce miƙaƙƙiya, sai dai abin da ya sa ake zuwa garin ba a kan titin yake ba. Yana cikin lungunan da ke gefensa, kuma baƙo yakan wuce bakinsu ya ɗauka ƙofar gidan wani ce.

Bari in fara da yadda garin ya zauna, don shi ne zai bayyana miki sauran. Akwai wani ƙaton dutse, ragowar tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu tuntuni, a kansa aka gina tsohuwar fadar da ake kira Edinburgh Castle. Daga gindin fadar ƙasa ta gangara gabas a hankali kamar doron raƙumi, har zuwa fadar Holyroodhouse. A kan wannan doron aka shimfiɗa titin Royal Mile, mai tsawon kusan kilomita 1.8. Dama da hagu kuwa gangare ne mai tsanani. A arewa da akwai tafki mai suna Nor Loch, wanda aka janye ruwansa daga baya, yanzu nan ne lambun Princes Street da tashar jirgin ƙasa ta Waverley. Bayan da Ingila ta ci Sikotland da yaƙi a Flodden a 1513, har sarkin Sikotland James na huɗu ya mutu a fagen daga, mutanen garin suka ƙara ganuwa ta kudu don tsoron hari. Tafki a nan, ganuwa a can, jama'a kuma na ƙaruwa. Da fili ya ƙare sai suka koma gini sama, har aka samu gidaje masu hawa goma da ma fiye, tun ɗaruruwan shekaru kafin a san lif.

Nan ne ɗan jagora yake cin kuɗinsa. Zai shigar da ku ɗaya daga cikin lungunan nan, za ku ga an rubuta sunan kowanne a saman mashigarsa, yawanci da kalmar Close a ƙarshe. Ku roƙe shi ya tsaya da ku a bakin Advocate's Close. Faɗinsa bai fi mutum biyu su gifta juna ba, bangon dutse baƙi ƙirin a kowane gefe, matakala na zurarawa ƙasa, can ƙarshe kuma sai hasken sabon gari ya bayyana kamar an buɗe taga. Mutum ya tsaya a nan ya ɗaga kai, zai gane yadda aka rayu: attajiri da lauya da mai wanki duk a gini ɗaya, suna hawa matakala ɗaya. Masu hali sukan zauna a hawa na tsakiya, sama da warin titi amma ba can ƙololuwa ba, talakawa kuma su ne a ƙuryar sama da ɗakunan ƙasa. Ruwa sai 'yan ga-ruwa sun ɗebo daga famfunan titi sun hau da shi a baya, kuma wasu daga cikin gine-ginen famfunan suna nan tsaye a kan High Street, wani ɓangare na Royal Mile. Bayan gida babu, don haka da dare akan watso ƙazanta ta taga bayan an yi kiran gargaɗi da kalmar gardyloo, wadda aka aro daga Faransanci, ma'anarta a yi hattara da ruwa. Wannan cunkoson ne ya sa aka amince da tsarin mai zanen gine-gine James Craig na gina sabon gari a 1767, masu kuɗi suka tsallaka can suka bar tsohon ga talakawa. Garuruwan biyu tare hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. In Baba yana son ya ga cikin irin gidan, akwai Gladstone's Land a Lawnmarket, ɓangaren sama na Royal Mile, gidan wani ɗan kasuwa na ƙarni na 17, ana biya a shiga, amma hawansa matakala ce mai murɗewa.

A tsakiyar titin za ku tarar da majami'ar St Giles, mai hasumiya kamar kambun sarauta, inda malamin Kirista John Knox ya yi wa'azin da ya juya addinin ƙasar a wajen 1560, kuma inda aka ajiye gawar Sarauniya Elizabeth ta biyu a Satumbar 2022 kafin a wuce da ita Landan. Kusa da ƙofarta, a daɓen titi, an jera duwatsu da siffar zuciya. Wurin tsohon kurkukun garin ne da aka rushe a 1817, har yau kuma wasu 'yan gari sukan tofa yawu a kai in sun zo wucewa, don haka ku kewaye shi. In kun ƙara gangarawa, a mahaɗar da ake kira World's End, ku duba ƙasa za ku ga tubalan tagulla a cikin titi. Su ne alamar inda ƙofar gari ta Netherbow take kafin a rushe ta a 1764. A da ana biyan kuɗi kafin a shigo ta nan, saboda haka talakan da ba shi da na dawowa ba ya fita, wurin ya zama masa ƙarshen duniya. Wanda ba a nuna masa ba zai taka tubalan ya wuce bai sani ba.

Yanzu zancen zaɓe. Zagayen iri biyu ne, kuma a nan nake so ki kula. Akwai na tarihi da rana, mai ɗaukar kamar awa biyu. Akwai kuma na dare, na labaran fatalwa, da ake shiga ɗakunan ƙarƙashin gadar South Bridge wadda aka gama a 1788. Wurin duhu ne da danshi, ƙasa ba daidai ba, labaran kuma an cika musu gishiri. Misali, za a iya ce muku an toshe masu annoba da ransu a Mary King's Close a 1645. Annobar gaskiya ce, ta kashe jama'a da yawa, amma lungun ya koma ƙarƙashin ƙasa ne saboda an gina kasuwar musayar 'yan kasuwa a kansa a 1753, ginin da yanzu ya zama ofishin hukumar gari. Mai son tarihi kamar Baba ba zai ji daɗin a cakuɗa masa gaskiya da tatsuniya ba. Ki nemi na rana, mai ƙaramin ayari. Waɗanda ake cewa kyauta ne ba kyauta ba ne tsantsa, ana sa ran a ba jagoran wani abu a ƙarshe, kuma ayarinsu yakan yi yawa har na baya ba ya jin magana. Ki kuma karanta bayanin da kyau, domin wasu zagayen sukan haɗa da ɗanɗana giya ko su ƙare a mashaya.

Game da gwiwar Baba, ku fara daga sama ku gangaro, kada ku yarda da zagayen da zai sa ku hawa. Kafin ki biya, ki tambaya ko za a sauka Grassmarket, tsohuwar kasuwar dabbobi inda a da ake rataye masu laifi. Ta wata hanyar matakala ce doguwa, ta titin Victoria Street kuwa gangara ce kawai. Duwatsun daɓen suna santsi in an yi ruwa, ruwan kuma ba ya sallama ko a Yuli, saboda haka a sa takalmi mai riƙe ƙasa, a riƙe rigar ruwa da ta sanyi. In ya gaji a ƙasan titin, a ɓangaren Canongate, akwai wani ɗan lambu a ɓoye a cikin Dunbar's Close, da kujeru da shuke-shuke a jere, shiru kamar ba a tsakiyar gari ba, kuma ba a biyan ko kwabo. Kusa da shi ne maƙabartar da aka binne Adam Smith, masanin tattalin arziki, a 1790. Kun yi sa'a da Yuli: a Agusta bukukuwan wasanni sukan cika titin maƙil har tafiya ta gagara.

Shiga fadar kan dutse yawanci ba ya cikin kuɗin zagaye, tikitinta daban ne, kuma gara a saya ta intanet tun kafin ranar. Ana harba igwa daga can da ƙarfe ɗaya na rana tun 1861, ban da ranar Lahadi. Ki gaya wa Baba tun da wuri kada ƙarar ta razana shi.

Salla kuwa ba matsala. Babban masallacin Edinbara yana Potterrow, kusa da jami'a, an buɗe shi a 1998, tafiyar kamar minti goma daga St Giles ba tare da hawa mai wahala ba. Akwai wurin mata, kuma gidajen abincin halal sun yi yawa a titin Nicolson Street da ke gefensa. In kun ɗauki zagayen ƙarfe goma na safe, za ku gama kafin azahar, ku yi salla ku ci abinci Baba ya huta. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare ko fiye, don haka da la'asar kuna da isasshen lokacin komawa lungun da ya fi burge shi, ku biyu kawai, a tafiyar da gwiwarsa za ta iya.