Daga Aji Zuwa Horar da Kwastomomin Kamfani

Tambaya: Malam, shekarata 9 ina koyar da lissafi a wata sakandare a Daura, ina da takardar shaidar koyarwa ta NCE da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai. Albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Na ji kamfanoni na ɗaukar masu koya wa kwastomomi amfani da kayansu. Anya zan iya?

Amsa: Malam, za ka iya, sai dai ɗalibanka sun canja. Ɗan aji ba shi da zaɓi, dole ya zauna har a kaɗa ƙararrawa. Mai POS a babbar kasuwar Katsina kuwa, mutum huɗu na tsaye a gabansa, wata hajiya na faɗa an cire mata kuɗi ba su shiga ba, yana latsa na'ura yana gumi. Minti goma zai ba ka, shi ma da kyar. In ka fara da "ma'anar POS", ka rasa shi. Nuna masa inda zai duba tarihin ciniki ya gane kuɗin sun wuce ko sun maƙale, ka miƙa masa ya yi da hannunsa sau biyu. Abin da kamfani ke aunawa ke nan: bayan tafiyarka, ya iya ko bai iya ba?

Masu irin wannan aiki su ne bankuna, kamfanonin waya irin su MTN da Airtel, na hada-hadar kuɗi irin su Moniepoint da OPay, da masu sayar da manhajar makarantu. Ni da na ƙarshen nan zan fara, don kwastomominsu malamai ne, ka san ciwonsu. Kuma Hausarka jari ce: takardun horon galibi da Turanci ake rubuto su, mai juya su yadda ɗan kasuwa zai gane bai da yawa.

Takardar TRCN ba za ta buɗe maka wannan ƙofa ba. Koyi PowerPoint, Excel da Zoom, ka leƙa kwasa-kwasan ITF, asusun horar da ma'aikata na gwamnati, ko NITAD, cibiyar masu ba da horo ta Najeriya. A takardar neman aiki, rubuta mutum nawa ka horar da abin da suka iya daga baya.

Kada ka ajiye aiki tukuna. Da yawa daga ayyukan horon kwantiragi ne, ga yawan tafiya, wani sa'in har Kano ko Abuja. Hutun dogon zango mai zuwa, tara malaman makarantarku ka koya musu haɗa sakamakon jarrabawa a Excel, wani ya ɗauke ka bidiyo da waya. Shi za ka nuna ranar intabiyu.