Na koma ruwa bayan Ista, ina da rabo a Lahadin Jinƙan Allah?

Tambaya: Fada, barka da aiki. Na bar giya duk tsawon azumin kwana arba'in, amma ko mako ba a yi da Ista ba na koma ruwa, har na bugu. Kunya ta hana ni zuwa furta zunubi. Ga Lahadin Jinƙan Allah ta ƙarato. Irina yana da rabo a cikinta?

Amsa: Ɗan'uwa, kana da rabo, kuma babba. Paparoma John Paul na Biyu ne ya kafa wannan idi ga dukan Ikilisiyar Katolika a ranar 30 ga Afrilu, 2000, ranar da ya ayyana Sista Faustina ta ƙasar Poland a matsayin waliyyiya. Ana yinsa ranar Lahadin da ke bin Ista.

Ka kasa kunne ga Bisharar ranar, Yohanna 20:19-31. Almajiran da suka watse suka bar Yesu a hannun masu kama shi ne a kulle cikin ɗaki don tsoro. Bai tuhume su ba. Sallama ya fara yi musu, ya nuna musu hannuwansa da kwiɓinsa, sannan ya ba su ikon gafarta zunubai. Waɗanda suka san ɗacin faɗuwa aka danƙa wa wannan aiki.

Kada ka jira ranar, domin layi yakan yi tsawo. Ka je furta zunubi tun cikin mako. Ka faɗi zunubin da sunansa, da kimanin sau nawa ka aikata. Nan ne mutane da yawa kan yi tuntuɓe: wanda ya ɓoye babban zunubi da gangan, furcinsa bai karɓu ba. Wanda ya manta kuwa an gafarta masa, sai dai ya ambata a karo na gaba. In kunyar Fadan cocinku ce ta hana ka, tafi wata majami'a, duk ɗaya ne. Dokar Ikilisiya ta haramta wa kowane Fada bayyana abin da ya ji, komai dalili.

Babban zunubi yana da sharuɗɗa uku: laifin ya zama mai nauyi, mutum ya san haka sarai, ya kuma yarda da son ransa. Sabo mai ƙarfi yana iya rage nauyin alhaki, amma wannan ku tantance shi tare da Fada, kada ka yanke wa kanka hukunci. Kafin nan kada ka karɓi Tarayya Mai Tsarki, amma ka je Misa. In kana ƙauyen da Fada ba ya zuwa sai jefi-jefi, ka yi addu'ar tuba saboda ƙaunar Allah, da ƙudurin furtawa da zarar ka samu hali.

Tsoron cewa za ka sake faɗuwa ba rashin tuba ba ne. Niyyar yau ake nema a wurinka, tare da matakin da ke nuna ta: sauya hanyar da ke bi ta ƙofar mashaya, ka daina fita da kuɗi a aljihu ranar albashi, ka sami mutum ɗaya da za ka kira idan sha'awar ta taso. In kuwa hannunka na rawa da safe, ba ya dainawa har sai ka sha giya, je ka ga likita kafin ka yanke ta gaba ɗaya, domin dainawa farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya ga wanda jikinsa ya saba.