Filin Tambaya da Amsa: Gidan Siliman da Aka Rushe

Tambaya: Assalamu alaikum. A tsakiyar garinmu akwai tsohon gidan silima da iyayenmu ke ba da labari, yanzu an rushe shi an jera shaguna a wurin. Ina son in rubuta tarihinsa, amma ko hoto ɗaya ban samu ba. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren da masu irin wannan bincike ke yi shi ne neman takardu a Gusau kawai. Sai 1996 aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, don haka lasisi da takardar fili na shekarun baya can za ka fara nema, musamman a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke birnin Sakkwato. Abin da ya shafi zamanin Turawa kuwa yana gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, cikin fayilolin lardin Sakkwato. In ka je Kaduna, ka leƙa cibiyar binciken tarihi ta Arewa House ka duba tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian.

Amma kafin ka kashe kuɗin mota, nemi mutane uku: afareton da ke juya inji, mai sayar da tikiti, da mai manna fasta. Takarda za ta jira ka, su kuwa tsufa ya cim musu. Kada ka tambaye su shekara, domin za su ruɗe. Ce musu: wa ke sarauta lokacin? Da sule ake shiga ko da naira? Naira ta fara aiki a 1973, wannan kaɗai zai raba maka zamani biyu. Ka sa su zana maka ginin a ƙasa: ina farin bangon yake, ina ɗakin inji, ina bencin masu araha. Yawancin silimun Arewa ba su da rufi sai ta baya, wajen kujerun masu tsada, shi ya sa ba a fara fim sai duhu ya shiga, damina kuma ta kashe kasuwa.

Game da mutuwar silimu kuwa, kada ka ɗora komai a kan Shari'a. Gaskiya ne da ta fara aiki a Zamfara a Janairun 2000 an rufe silimu, amma ta tarar da su a kwance. Faɗuwar naira daga 1986 ta sa hayar finafinan Indiya da na Sin ta gagara, ga bidiyo ya shiga ɗakunan mutane. Fili a tsakiyar gari kuwa ya fi kawo kuɗi in an yi shaguna.

Tambaya: Mahaifinmu ya yi aiki a silima. Bayan rasuwarsa mun tarar da gwangwanaye shida na zaren fim a sito, wasu suna wari mai tsami. Mu zubar ne? Daga wata baiwar Allah a Birnin Kebbi.

Amsa: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Kada ku zubar, kuma kada ku ƙona. Gwangwani shida wataƙila fim guda ne cikakke: kowane naɗi na ƙafa 2,000 yana cin kusan minti 20, shida kuwa awa biyu ke nan. Dalilin da ya sa ake ajiye inji biyu a ɗakin afareto ke nan, ɗaya na ƙarewa ya kunna ɗayan da zarar ya ga ɗigo a kusurwar sama ta dama ta hoton fim ɗin.

Ku fito da su inuwa, wuri mai iska, nesa da murhu da sigari. A warware ɗan kaɗan a karanta rubutun da ke gefen zaren. In an ga SAFETY, ba mai saurin kamawa ba ne. Warin tsamin alama ce ya fara ruɓewa, zai ƙanƙance ya murɗe, kuma tururinsa na lalata na kusa da shi, saboda haka a ware masu warin daban. In kuwa an ga NITRATE, a bar shi yadda yake. Wannan tsohon samfuri ne da aka daina yi a farkon shekarun 1950, in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi, kuma wanda ya ruɓe yana iya tashi da kansa a zafin da bai wuce na bazarar Kebbi ba. Irinsa ne ya haddasa gobarar silimar El Duniya a Kano ranar 13 ga Mayu 1951, inda mutum 331 suka rasu.

Kada a wanke da ruwa, kada a gwada shi a tsohon inji, haƙoran injin za su yayyaga ramukan gefen. A ɗauki hoton rubutun jikin kowane gwangwani, a kwantar da su a wuri mafi sanyi a gidan, sannan a tuntuɓi Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, wadda ke da ma'ajiyar tsofaffin finafinai.