Na iya karate amma an ci min mutunci a titi na kasa komai

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a ba ni shawara. Na daɗe ina karate har na samu baƙin bel, wato ɗamarar ƙwararru, amma kwanaki wani ya goge min mota, maimakon ya ba da haƙuri sai ya fito yana ta zagina gaban mutane har da nuna min yatsa a fuska, ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, ban ce uffan ba na ja motata na tafi. Tun ranar abin ke ci min rai ko barcin kirki bana yi. To meye amfanin wahalar da nake sha a horo?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi na ji zafin da ke cikin wasiƙarka, amma kada ka ɗauki kanka matsoraci. Daskarewar nan aikin jiki ce, in mutum ya ga barazana wani sinadarin jiki da ake kira adrenalin ke kwarara cikin jini, zuciya ta hau bugawa, baki ya bushe, hannu ya ɗau rawa, daga nan ko faɗa ko gudu ko tsayawa cak, kuma ba a shawara da kai. A wajen horo akwai katifa, akwai alƙalin wasa, kun rusuna wa juna kun yarda za ku kara. A titi fa? Ba ka ma san me ke aljihun mutumin ba.

Gichin Funakoshi, malamin da ya kai karate Tokyo, babban birnin Japan, daga tsibirin Okinawa a 1922, cikin ƙa'idoji 20 da ya bar wa ɗalibansa akwai cewa ba a fara kai hari a karate. Kuma ka duba judo, wani salon kokawar Japan da Jigoro Kano ya kafa a 1882, sabon ɗalibi faɗuwa ake fara koya masa, yadda zai duƙar da haɓa ya bugi katifa da hannu ya tashi lafiya, tun kafin ya iya kayar da kowa. Mutanen nan sun san za a kayar da kai, shi ya sa suka sa faɗuwa cikin darasi.

Ka ƙaddara ma ka naushi mutumin da ya zage ka. Naushi ɗaya daga irin hannunka ya isa ya faɗi ta baya ƙeyarsa ta bugi kwalta, mutane na mutuwa ta haka fa, kuma a dokokin ƙasashe da yawa zagi kaɗai ba hujjar duka ba ce, kare kai sai ya yi daidai da girman barazanar.

Abin da na ga ya rage maka shi ne bakinka bai samu horon da ƙafarka ta samu ba. Ka gaya wa malaminku, ya sa wani ya riƙa yi maka ihu a fuska kai kuma kana ja da baya taku ɗaya, tafin hannu a buɗe daidai ƙirji, kana cewa "Malam tsaya nan mu yi magana" da murya a kwance, ku yi ta maimaitawa har ya zauna. In kuma rashin barcin ya ƙi tafiya bayan 'yan makonni, ka ga likita.