Sarkin Musulmi Attahiru Ba Gudu Ya Yi Ba

Ɗan'uwa, ka tambaye ni ko mu Hausawan Sudan ba ma jin nauyin a ce mu jikokin waɗanda suka gudu suka bar gadon sarauta ne. Kalmar gudun nan ce ta tsaya mini a rai. A garinmu Mai Wurno, hijira muke cewa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bai yi murabus ba, bai kuma zauna ya jira su ba. Rawanin da Nasara zai naɗa yau ya kwance gobe ba shi ne amanar da Shehu ya bari ba, shi ya sa ya nufi gabas, talakawa suka yi ta barin garuruwansu suna bin sa. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yanzu, ya yi shahada a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa.

Ba na aibata waɗanda suka zauna. Wazirin Sakkwato Buhari ya tsaya don kada a bar jama'a ba mai tsaya musu, ya kuma rubuta hujjarsa. Amma wanda ya bar fadarsa don addininsa, ina laifin a kira abin da ya yi da sunansa?

Kakata, Allah ya jiƙanta, mahaifinta ba basarake ba ne, manomi ne. Rumbu biyu cike da gero ya bari, ko kallonsu bai juya ya yi ba. Duk lokacin da ta ba da labarin sai ta ce, in sarki ya iya barin fada, shi mene ne rumbu? Da wannan aka raine mu.

To, an ce mun narke. Gaskiya ne ƙanwata Balarabe take aure, ɗan Wad Madani, kuma 'ya'yanta Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Muna cin kisra, gurasar mutanen Sudan, muna kuma tuƙa tuwo. A nan ana kiranmu Fallata, in mun zo Kano kuma ku yi ta dariyar Hausarmu, wai ta tsufa. Wannan kam yana yi mini ciwo, domin da ita aka fito daga Sakkwato, da ƙafa.