Tambayoyi da Amsoshi: Me Ya Sa Bidiyo Ke Tsayawa ko Cijewa a Talabijin?

Yawancin tambayoyin da suka taru a wannan karon a kan na'urorin kallo ne, waɗanda ake haɗawa da talabijin don kallon bidiyo ta intanet, irin su Fire TV Stick, Chromecast, Roku, Apple TV da akwatunan Android. Kowa cewa yake "bidiyo na tsayawa", alhali matsala biyu ce daban. Akwai tsayawar da hoto da sauti ke ɗaukewa tare, da'ira ta fito tana juyawa. Wannan data ce ba ta iso ba. Akwai kuma cijewa, inda sauti ke tafiya daidai amma hoto na fizga. Wannan galibi babu ruwan intanet a ciki. Wanda bai bambance su ba zai kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kamfanin da ke ba ni intanet ya ce megabit 50 nake samu. A waya bidiyo na tafiya lafiya lau, amma a sandar kallon da ke bayan talabijin sai ya yi minti biyu ya tsaya yana lodi. In koma babban tsari ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dakata tukuna, kada ka ƙara ko sisi. Netflix da kansu sun ce megabit 5 a sakan ya isa kallon hoton 1080p, 15 kuma ya isa 4K, wanda ya fi shi kaifin hoto. YouTube na neman 20 don 4K. Ka ga 50 ta isa har da saura, in dai tana kaiwa inda ake bukatarta. A nan gizo ke saƙar: waccan 50 ɗin a bakin rauta take, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, abin da ya isa bayan talabijin kuwa wani lissafi ne daban.

Na'urar ba ta sauke fim gaba ɗaya. Gutsure-gutsure take ɗebowa, kowanne na 'yan sakanni, ta tara su a gaba kafin ka iso wurin. Kamar tanki ne da ake zuba wa ruwa ta sama ana ɗiba ta famfo: muddin zubi ya fi ɗiba ba za ka ga komai ba, ko zubin ya ɗan yanke abin da ke ciki zai rufa asiri, amma da zarar tankin ya ƙafe sai da'ira ta fito. Shi ya sa intanet mai gudu da ke yankewa lokaci-lokaci ya fi ɓata kallo a kan mai matsakaicin gudu da ba ya yankewa.

Don haka ka auna gudun a kan sandar kanta, ba a wayarka ba. Idan tana da birawza, buɗe Fast.com, shafin awo da Netflix suka fitar a 2016. Ko ka kunna bidiyo a YouTube ka zaɓi Stats for nerds a saitinsa. Zai nuna maka gudun layin da yawan sakannin da aka tara a gaba. In ka ga sakannin na raguwa har su kai sifili, ka kama ɓarawon.

Abin da na fi zargi shi ne Wi-Fi. Sandar ƙarama ce, eriyarta ƙarama ce, ga ta matse tsakanin bango da allon talabijin mai ƙarfe da wayoyi a ciki. Da yawansu na zuwa da guntun kebul na ƙarin HDMI a kwali, mutane kuma na jefar da shi. Yi amfani da shi ka sa sandar ta leƙo gefe. Sannan ka duba wane zangon Wi-Fi take kai. Zangon 2.4 GHz na nisa kuma yana ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa: Bluetooth na ciki, na'urar ɗumama abinci ta maikurowef na ciki, rautocin maƙwabta na ciki, kuma tashoshi uku ne kacal a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1, 6 da 11. Zangon 5 GHz ya fi faɗi da gudu amma bango na cin ƙarfinsa. Idan rauta na ɗaki ɗaya da talabijin ko ɗakin da ke kusa, koma 5. Ka kuma fito da rautar daga cikin kabad ko ƙasan tebur, ka ɗora ta a sama a fili.

In kana son a rufe maganar gaba ɗaya, ja kebul na Ethernet daga rauta zuwa na'urar. Sandunan da ba su da ramin kebul akwai ƙaramin adafta da ake yi musu. A ganina wannan ya fi kowane gyara amfani, mutane ne dai ba sa son ganin waya a bango.

Tambaya: Malam, nawa da rana ƙalau yake, da an yi magariba sai ya fara tsayawa. Laifin akwatin ne?

Amsa: Hajiya, akwati bai san rana da dare ba. Da yamma ne kowa ke gida: wayoyi na tura hotuna ma'ajiyar intanet, kwamfuta na sabunta kanta, wani na kallo a ɗaki. Tura abu sama, in ya cika layi, yana hana saukewa tafiya daidai. Wata rana da dare ki cire duk sauran na'urori daga Wi-Fi ki gwada. In ya gyaru, cunkoson na cikin gida ne. In bai gyaru ba ko da an haɗa da kebul, to layin kamfanin ne ke cika a lokacin da kowa ke kallo. Ki ajiye sakamakon awon rana da na dare ki kai musu ƙorafi da hujja. Kafin nan ki sauke ingancin hoto daga 4K zuwa 1080p. Za ki ma tsimi data, don 4K a Netflix na iya cin gigabait 7 a awa ɗaya, 1080p kuwa kusan 3.

Tambaya: Ni da'irar ba ta fitowa, sauti ma daidai yake. Amma duk lokacin da kyamara ta juya a hankali a fim, sai in ga hoton na ɗan fizga. Iyalina sun ce idona ne.

Amsa: Ba idonka ba ne, Malam, kuma ina jin daɗin wannan tambayar domin mutane da yawa na fama da ita suna ta zagin intanet. Yawancin finafinai hoto 24 ake ɗauka a kowane sakan. Na'urar kallo kuwa yawanci sau 60 a sakan take aika wa talabijin hoto. Raba 60 gida 24, biyu da rabi za ka samu, kuma ba a nuna rabin hoto. Sai na'urar ta nuna hoto na farko sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau uku, haka har ƙarshen fim. Wannan rashin daidaiton ne idonka ke kamawa, musamman in kyamara na bin fili a hankali. Shirye-shiryen da aka ɗauka da hoto 25 ko 50 a sakan, kamar yadda ake yi a Turai, su ma ba sa shiga 60 daidai, shi ya sa ƙwallo kan yi kamar tana tsalle.

Maganin yana cikin saitin hoto. A Apple TV sunansa Match Frame Rate, a Fire TV kuma Match Original Frame Rate. In ka kunna, na'urar za ta riƙa sauya kanta ta bi yadda aka ɗauki fim. Allo zai yi baƙi na sakan ɗaya ko biyu a farkon kowane fim, kada ka tsorata. Sai dai ba kowace manhaja ke bin wannan saitin ba.

Idan fizgar ba ta da tsari, tana zuwa ko kyamara ba ta motsi, to na'urar ce ke zubar da hotuna don aiki ya fi ƙarfinta. Stats for nerds na ƙirga hotunan da aka zubar. Fara da wuta: ramin USB 2.0 na talabijin miliamfiya 500 yake bayarwa, sanduna da yawa kuma ninkin haka suke so, don haka ka haɗa ta da cajarta ta asali a soket. Sai zafi: in cijewar na farawa bayan an jima ana kallo, taɓa ta ka ji, ƙwaƙwalwar na'ura na rage gudu da kanta in ta yi zafi don kada ta lalace. Sai tsufa. Ana matse bidiyo da tsari iri-iri: H.264 tun 2003, H.265 a 2013, AV1 a 2018. Na'urar da aka ƙera da sashe na musamman mai warware tsarin ba ta jin nauyinsa, wadda ba ta da shi kuwa da ƙyar take ja. Wannan babu saitin da ke gyara shi.

Tambaya: Finafinaina a kwamfuta suke, ina kallo a talabijin ta Plex, manhajar da ke turo fim daga kwamfuta zuwa talabijin. Intanet bai shiga ba, to me ke sa shi lodi?

Amsa: Abu biyu za ka duba. Fayil ɗin da aka kwafo daga faifan Blu-ray na 4K ba a matse shi kamar na intanet ba, a wasu wuraren yana kai megabit 100 ko ya haura. Ramin kebul na talabijin da yawa kuwa a 100 ya tsaya, kuma a aikace ba ya cika ta. A irin wannan halin Wi-Fi mai ƙarfi a zangon 5 GHz na iya fin kebul. Na biyu, buɗe shafin lura na Plex ko takwararta Jellyfin yayin da fim ke tafiya ka ga ko kai tsaye ake turo fayil ɗin ko kwamfutar na sake sarrafa shi. In na'urar kallo ba ta gane tsarin hoto ko na sauti ba, kwamfutar ce ke juya shi nan take, kuma aiki ne mai nauyi. Sau da yawa rubutun fassara ne ke jawo haka, musamman nau'in PGS wanda hoto ne ba haruffa ba. Kashe shi ka gani. In ya gyaru, nemi nau'in SRT, wanda haruffa ne zalla.

Tambaya: An ce min in sa manhajar da ke ƙara gudun akwati, ko in kunna VPN. Gaskiya ne?

Amsa: Manhajojin ƙara gudu ban yarda da su ba. Ba sa ƙara wa layinka ko megabit ɗaya, wasunsu ma talla suke cusa maka suna cin ƙwaƙwalwar da suka ce za su 'yanta. VPN kuwa hanya yake ƙara wa data, ga aikin ɓoye ta, don haka yawanci rage gudu yake yi. In yana kunne kana samun tsayawa, shi za ka fara kashewa. Abin da ke da amfani kyauta ne: goge manhajojin da ba ka buɗewa, domin sanduna da yawa gigabait 8 kawai gare su, share tarkacen ajiyar manhajar da ke ba ka matsala, sabunta na'urar, sannan ka zare ta daga wuta tare da rauta na rabin minti ka mayar.